Ranar da Na Koya wa Injin Zarto Kunya

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na ɗaura wa injin zarto takunkumi ba, kuma ko na so in manta, tsofaffin Sabuwa ba za su bar ni ba. Jikokina suna jin labarin a bakin mutane an zuba mashi gishiri har ya yi ɗaci. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi da kaina, in ya so gishirin ya zama nawa. Amma tun yanzu ku sani, ba tuba na zo yi ba.

Ni mutumin Ƙanƙara ne. Bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma ban ida shi ba, malamin ya ce da ni da alli ɗaya ya bar wurin (allin ya zauna). Zamanin da nake magana kuwa shi ne lokacin da kuɗin mai ya ɓalle, tun ba a ba mu jihar Katsina ba. Kowa ya rataya rediyo a kafaɗa, keke ya zama abin yara, manyan mutane daga birni suna zuwa su sayi daji su ce gona za su yi. Wani Alhaji ya kama daji wajen Mairuwa, ya kawo injin zarto daga Kaduna don sassabe. Ranar da aka tada shi leburori suka watse, wani har ya bar takalminsa. Ni na tsaya, ba don jarunta ba, ƙaya ce ta riƙe mani riga. Alhaji ya ce ga namiji. Daga ranar na zama mai inji.

Makanikin da ya rako shi daga Kaduna ya zauna da ni ya koya mani halinsa, sauran kuma injin ya koya mani da kansa. Dole in faɗi abin da na sani, don kada wani ya ce jahilci ne ya kai ni ga abin da ya faru.

A gefen injin akwai wani ɗan akwatin ƙarfe, bai fi gwangwanin kifi ba, shi ne salansa. Ta nan hayaƙi da zafin ciki suke fita. In salansa ta ɗauki zafin da ya wuce ƙa'ida, akwai dalili, ba aljannu ba ne. Ko ka cika man inji cikin fetur, kunkunniya ta taru ta toshe hanya. Ko ka yi rowar man, ciki ya bushe yana gugar kansa. Ko sarƙa ta dakushe, kai kuma maimakon ka wasa ta da magagari kana danna inji da ƙarfin tuwo. Ko dusar itace ta cike haƙarƙarin da iska ke bi ta sanyaya shi. Kuma inji ba ya ɓoye ciwo: muryarsa za ta shaƙe, ƙarfinsa ya ragu, ka ji ƙaurin ƙarfe, fenti ya fara kumbura kamar bororon ƙuna. In ka ga haka sai ka cire shi daga itace, ka bar shi ya ɗan yi gunaguni shi kaɗai, ka kashe, ka aje shi a inuwa bisa ƙasa tsura, nesa da ciyawa. Ba a zuba mashi ruwa, ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi tsagewa yake. In ya huce ka kwance salansar ka kankare ta.

Kun ji dai. Na san duk wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Abin da ya kai ni ya baro ni, ladabi ne.

Aurena na fari ya mutu da daɗewa, ina zaune gwauro, tuwon kasuwa ya fara fito mani a fuska. A kasuwar Yankara na ga Hanne, bazawara ce, mijinta ya rasu ta koma gidan ubanta a wani ƙauye kusa da Sabuwa. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take kawowa. Na tsaya ina taya ƙuli-ƙuli har na ɗanɗana kusan rabin faranti.

Ta ce, “Malam, in ciniki kake ka saya, in yunwa ce ka faɗa a yi maka sadaka.”

Na ce, “In kuma aure ne fa?”

Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, “To wannan ba a ɗanɗanawa. Ka je ka ga Baba.”

Ubanta da uwarta, ba za ku ji sunansu a bakina ba ko yau da suke ƙasa, Allah ya jiƙansu. Baba da Inna ke nan. Baba mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, irin wanda in ya ce “to” sai ka kwana kana tunanin wace irin “to” ce. Kuma ya riƙe al'adar da: mai neman ɗiyarsa, budurwa ko bazawara, sai ya yi mashi aikin gona an ga ƙarfinsa da halinsa. A gonar bayan gidansa, dab da rumbuna, akwai wata busasshiyar ƙirya da ta gagari kowa. Wanda ya san ƙirya ya san gatari tsalle yake bisa jikinta. Baba yana so a kawar da ita kafin ruwa ya sauka, don garmar shanu ta samu hanya.

Ba ni kaɗai ke neman Hanne ba. Akwai Mamman Dogo, manomi ɗan garin, mai 'yan'uwa kamar fara. Ya ce zai kira gayya da gatura. Ni ba ni da dangi a Sabuwa sai taubashina Tanko, wanda amfaninsa ɗaya a duniya shi ne dariya. Amma ina da inji. Na roƙi Alhaji aro, ya ce, “Ɗauka, in ka samu matar ka rage ci mani abincin leburori.”

Zuwana na farko don nunawa ne kawai. Na ishe Baba a ƙofar zaure bisa buzu, yana jan tasbaha, dattawa biyu suna gefensa. Na durƙusa na gaida su. Sai na ce bari su ga abin da zamani ya kawo. Na taka inji, na finciki igiya.

Akuyoyin da ke ɗaure suka tsinke igiya. Jakin maƙwabci ya bi ta cikin danga, ya fita da rabinta a wuya. Ɗaya dattijon ya faɗa zaure da rarrafe, ɗayan ya tsaya yana salati da ƙarfi amma ba a jin komai sai motsin gemu. Ni kuwa ina ta murza maƙogwaron inji ina ƙara mashi wuta ina murmushi, a zatona burgewa nake.

Da na kashe, Baba bai motsa daga buzunsa ba. Ya ida tasbaharsa, ya shafa, sannan ya ce, “Yaro, wannan abin naka, a gidanku ma haka yake magana gaban manya?”

Na ce, “Baba, halittarsa ce.”

Ya ce, “To.”

Da yamma Hanne ta fito zance tana danne dariya da bakin gyale. Ta ce, “Ka ji abin da ka ja. Baba ya ce mai neman aure da murya ƙasa yake zuwa. Ya ce abin da ba ya jin kunyar suruki ba ya shiga gonarsa.”

Na ce, “Ƙarfe ne fa, Hanne. Ina ƙarfe ina kunya?”

“Kai ka kawo shi, tarbiyyarka ce. Ko ka koya mashi ladabi kafin ranar Asabar, ko ka bar wa Mamman Dogo ƙirya.”

“Da ke?”

“Da duk abin da ke bayan ƙiryar.”

Na koma Mairuwa da wannan magana tana cizona. Mutumin kirki zai je ya durƙusa ya yi wa Baba bayani, ya roƙi a yi haƙuri da ƙara na wuni guda. Ni kuwa kaina ya ce mani, ai kai gwani ne. Na samo yumɓu wurin masu ginin tukwane, na kwaɓa, na shafe bakin salansa da shi, na bar 'yar kafa kamar hancin ɓera. Na yanko buhun algarara na jiƙa shi sharkaf, na naɗe salansar, na ɗaure da waya. Na tada inji. Maimakon ihun nan, sai wani gurnani mai ladabi, kamar dattijo yana gyaran murya a masallaci.

Tanko yana zaune bisa kututture yana kallona. Ya ce, “Ɗan Ƙanƙara, kai da bakinka ka ce mani in aka toshe wannan wurin wuta ake kira.”

Na ce, “Wancan toshewar ganganci ce. Wannan ta ilimi ce. Buhun jiƙaƙƙe ne, zan riƙa hutar da shi, kafin ya gane an cuce shi ƙirya ta faɗi.”

Ya ce, “Allah ya sa ina da rai ranar Asabar.”

Yanzu sai in yi maganar wando, don ba a fahimtar labarin sai da shi. Zamanin an kawo wani yadi mai sheƙi, rabinsa roba, ba ya yamutsewa, duk ɗan birni shi yake sawa. Na sa tela a Faskari ya ɗinka mani wando da shi, mai faɗin ƙafa, ruwan ƙwai, da tazuge. Wa ke sassabe da sabon wando? Mai neman aure. A ƙarƙashinsa kuwa babu komai. Na bar bante saboda na waye, ban kai ga kamfai ba saboda wayewar ba ta ida ba. (Masu dariya, ku tambayi kakanninku abin da suke sawa a lokacin, in suna da gaskiya.)

Ranar Asabar muka iso da hantsi, Tanko riƙe da jarkar mai. Rana ta bazara, irin wadda ƙadangare ma ke neman inuwa. Baba ya sa aka shimfiɗa mashi tabarma ƙarƙashin wata ɗorawa nesa kaɗan, dattawa suka zauna. Mamman Dogo da 'yan'uwansa suka jeru a bakin gona da gatura bisa kafaɗa, wai sun zo taya murna. Na tuɓe riga na rataye, na saura daga ni sai 'yar singileti da wandon nan. Garin zuba mai, fetur ya ɗan zube mani a cinya. Na goge da hannu, na ce zai bushe.

Na ja igiya. Inji ya yi gyaran muryarsa. Na saci kallon Baba, na ga ya ɗaga gira, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Wallahi a ranar da wani ya ba ni sarautar gari da wannan gyaɗa kan, gyaɗa kan zan ɗauka.

Na kafa wa ƙirya sarƙa. Da fari abin ya tafi, dusa ja tana zuba. Na ji Dogo yana cewa, “Ai ko tsohuwa da wuƙar yankan kuɓewa ta fi wannan sauri.” Gaskiya ya faɗa, don injin da aka shaƙe ba ya da ƙarfi. Nan ne ya kamata in tsaya in huta kamar yadda na yi alkawari. Amma ka tsaya gaban kishiyoyi, a ce ka gaza? Na ƙara dannawa.

Injin ya yi mani duk gargaɗin da Allah ya hore mashi. Murya ta shaƙe. Tururin buhu ya daina, alamar ya bushe. Ƙauri ya taso. Hannuna na hagu ya fara jin kamar na riƙe murfin tukunya. Tanko ya matso ya ce a hankali, “Kai, surukin naka na ƙarfe yana hayaƙi.”

Na ce, “Kunya ce ke fita.”

Na durƙusa don in ci gindin itacen sosai, na tokare injin da cinya. Yumɓun nan da ya gasu ya tsage, ya yi tsalle. Duk ihun da na danne tun safe ya fito a lokaci guda, tare da tartsatsi. Buhu ya kama. Wani guntu mai wuta ya faɗo daidai inda fetur ya zuba.

Wanda bai taɓa sa yadin roba ya kama da wuta ba, ba zai gane ba. Auduga ci take ta zama toka. Wannan narkewa yake yana bin fata kamar ƙaro. Na kashe inji na yar, na kai hannu ga tazuge, ashe da safe na yi mashi ƙulli biyu don kada ya ba ni kunya gaban surukai. Na ja, ya ƙara ƙullewa. Na finciko da ƙarfin da ban san ina da shi ba, ya tsinke, na tuɓe wandon na yi jifa da shi.

A daidai nan Inna ta ɓullo ta kusurwar danga da ƙwaryar fura bisa kai.

Ku fahimci wani abu. Inna ba ta taɓa yarda mun haɗa hanya ba tun da na fara neman ɗiyarta. In ta ji muryata a zaure, ta ƙofar baya take bi. Da injin yana ihunsa na halitta, da tun daga madafa ta san ina nan, ta aiko wata da furar. Shirun da na ƙirƙira shi ya sa ta zaci ba a fara ba, ta ce bari ta kai wa dattawa da kanta kafin baƙo ya iso. Ladabina ne ya jawo ta.

Tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma ba. Singiletin kuwa iyakarta cibiya.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yar da ƙwarya ba. Ta juya fuskarta ga ƙirya, ta ɗaga hannu ta zare faifan da ya rufe furar, ta miƙo shi ta gefe. Ba da ni ta yi magana ba, da itacen ta yi. Ta ce, “Ungo, a ba mai bukata.”

Na amsa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, don tarbiyya ba ta barin mutum ko a wane hali.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce an yi kunnen doki. Amma wandon da na jefar ya sauka bisa karmami, injin kuma yana kwance cikin busasshiyar ciyawa da buhu yana ci a jikinsa, tankinsa da mai. Iska tana kaɗawa wajen rumbunan Baba, inda sauran dawar shekara da irin shuka suke. Na ga Tanko ya ƙwace ƙwaryar fura daga kan Inna zai sheƙa wa inji.

Na ce, “Kada ka zuba. Ƙasa, ɗebo ƙasa.”

Ya tsaya da ƙwarya a hannu yana dubana, dariya ta hana shi motsi. Dogo da mutanensa kuwa sun ja da baya, suna jin an ce abin yana fashewa. Dattawa kafin su miƙe daga tabarma an yi sallar la'asar.

Faifai yana son hannu ɗaya. Aikin yana son hannu biyu. Na dubi faifai, na dubi rumbu.

Na saki faifai.

Na kama injin ta mariƙin baya na ja shi zuwa inda ƙasa take tsura, na yi ta ɗibar turɓaya da hannu biyu ina watsa wa buhun har ya mutu. Na koma kan karmami ina takawa, ina watsa ƙasa, ina tsalle daga nan zuwa can. Ina mai tabbatar maku ba a tsalle cikin mutunci a irin wannan shiga. Sai da suka ga wutar ta kusa rumbu sannan Dogo da 'yan'uwansa suka kawo ɗauki da ganye. Aka kashe ta. Ko zangarniya ɗaya ba ta ƙone ba.

Da ƙura ta lafa na waiwaya, Inna ba ta nan, amma matan unguwa sun cika bakin danga, kowace ta rufe fuska da hannu, yatsu a buɗe. Baba ya tako a hankali, ya tuɓe rawaninsa ya miƙo mani. Na ɗaura. Ya dubi ƙirya da aka ci kashi ɗaya cikin uku, ya dubi injin, ya dube ni.

Ya ce, “Ashe gara ihun.”

Na kwana biyu a Mairuwa ina shafa man shanu a cinya, ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya da girma. Labari ya riga ni zuwa ko'ina. A Ruwan Godiya aka ce da faifan na yi ta kashe wutar. A Yankara aka ce na yi rawa. Tanko, Allah ya saka mani, shi ke ƙara wa kowane gari nasa kason. Ya zo ya ce, “In ni ne kai, Ikko zan tafi, can ba a san faifai ba.”

Na ce, “Ikko ta ci gidansu. Wa na kashe? Abin da aka gani, na wani na ara?”

Na zauna na kwance salansa. Ciki ta cika da gasasshen yumɓu da kunkunniya, fenti duk ya tashi, amma ba ta tsage ba, saboda ban bari fura ta taɓa ta ba. Na kankare ta da tsinken ƙarfe, na sa ta bisa garwashi sauran maiƙon ya ƙone, na busa har iska tana wucewa sarai. Na goge bakin da take haɗuwa da inji, na share haƙarƙari da gashin kaza, na wanke matatar iska, na goge fulogi. Na auna mai daidai, ba rowa ba almubazzaranci. Na zauna da magagari na bi haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya. Na ja igiya, ya yi ihun da har tsuntsayen dajin suka tashi. Na ce yawwa, faɗi abin da ke ranka.

Ba wanda ya gayyace ni, amma ranar da gayyar Dogo za ta sauka na riga su isa gonar, da tsohon wandon saƙi da bante a ciki, har biyu. Na je zaure na durƙusa.

Na ce, “Baba, na fara aiki ban ida ba. A ɗaure akuyoyi da kyau, a gaya wa na cikin gida ina nan. Zai yi ihu. In ya yi zafi zan kashe shi in zauna, ko wa zai yi dariya ya yi.”

Baba ya ce, “To.”

Haka na yi. In na ci itace na ɗan lokaci, sai in cire, in bar shi ya huce a inuwa, in share dusa, in zauna ina kallon Dogo yana kallona. Wani ƙanensa ya ce, “Mai faifai, an gaji ne?” Na ce, “Ni dai an ga nawa an san iyakarsa. Kai naka har yanzu jita-jita ce.” Dattawa suka yi ta tari. Kafin azahar ƙirya ta yi ƙara ta kwanta, ƙasa ta girgiza. Na yanka ta gunduwa-gunduwa har da na turmi biyu, na saɓa injina na tafi ban nemi ko ruwa ba.

Duk da haka Baba bai sauko ba. Abin da aka yi a cikin gida, Hanne ce ta ba ni labari daga baya. Ya tara ta da Inna ya ce ya yaba da aikin, ya kuma san wanda ya tsare mashi rumbu, amma ba zai iya ba da ɗiyarsa ga mutumin da duk matan unguwa za su iya ba da shaidarsa ba. Dogo ya fi rufin asiri. Hanne ta ce ita dai ta ga wanda ya ja da baya da wanda ya shiga wuta, aka ce ta yi shiru.

Sai Inna ta gyara zama. Ta ce, “Malam, ni ka tambaye ni, ni na fi kowa kusa. Mutumin nan ba barin ƙasar nan zai yi ba, ka ga idonsa. Kasuwarmu ɗaya, hanyarmu ɗaya. In ya zama bare, duk inda muka haɗu sai ya gaishe ni, sai na tsaya na amsa, sai na dube shi. Ni kuwa ba zan iya ba. In suruki ne, ba mai ganin laifina in na kau da kai na canza hanya har ranar da za a binne ni. Ka ba shi ita in huta.”

Baba ya ja tasbaharsa. Sannan ya ce “to”, kuma wannan karon Hanne ta ce kowa ya gane wace iri ce.

Aka ɗaura aure kafin shuka. Inna ta cika alkawarinta. Ta rayu har ta ga jikokin jikokinta na wajen wasu, ta goyi 'ya'yana, ta aiko mani da dambu duk sallah, amma ba ta ƙara ɗora ido bisa fuskata ba. In na shiga gaisuwa, bango take amsa wa. Mutane suna cewa ba su taɓa ganin surukai masu kunyar juna irinmu ba, har ana kafa misali da mu ga yaran zamani. Ni da ita kaɗai muka san ba tarbiyya ce ta yi yawa ba.

Abin da na koya, ga shi kyauta ga masu inji da masu neman aure. Abin da aka halitta da ihu, bar shi ya yi ihunsa, ka share mashi hanya, ka ba shi inuwa in ya yi zafi. In ka toshe mashi baki don a ce kana da ladabi, zafin ba ya fasa fita, wata ƙofar kawai yake nema, kuma ba ya shawara da kai kafin ya zaɓa.